Kwanan Watan da Ke Jikin Tuta

Injin fotokwafi ya cije takarda ta goma sha bakwai, ya tsaya yana ƙyafta jar fitila. Salwa ta durƙusa ta buɗe cikinsa, ta zaro takardar duk ta yamutse, ta mayar da murfin da ƙarfin da ya wuce na kullum. Ƙarfe bakwai da kwata na safe, babu kowa a ɗakin malamai sai ita da Anti Ƙauna, nas ɗin makarantar, wadda ke tsaye tana jiran ruwan shayinta ya yi zafi.

"Injin dai bai yi miki laifi ba," in ji Anti Ƙauna. "Wane darasin kike bugawa? Na zaman lafiya ko na rigima?"

"Duka biyun, Anti."

"Duka biyun." Anti Ƙauna ta girgiza kai. Mutuniyar Zonkwa ce, shekararta ashirin da biyu a garin Greensboro na jihar North Carolina a Amurka, kuma tun ranar da ta ji Salwa tana waya da Hausa a wurin ajiye motoci ta mayar da ita ƙanwa, da faɗan da komai. "Salwa, ki ji ni da kyau. Observation ɗin nan, duba aikin da za a shigo ajinki a yi miki, shi ne na ƙarshe. Ki kunna musu slides a majigi, ki ce North Carolina ta zama jiha ta goma sha biyu a shekara kaza, yara su cike takardar tambayoyi, tsohon nan da ya kai ƙararki ya yi hamma ya koma wurin dawakansa. Shugabar makaranta ta sa miki hannu. In lasisinki ya fito, sai ki zo ki tone kabarin duk wanda kika ga dama."

"Ba kabari nake tonewa ba, Anti. Takardu ne."

"A garin nan duk ɗaya ne."

Salwa ta san akwai gaskiya a maganar. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana koyar da tarihi a wata sakandaren 'yan mata a Zariya kafin su taso Amurka ita da maigidanta. Da suka zo aka duba takardunta aka ce madalla, amma ba su isa ba. Shekara shida ta yi tana naɗe kwalaye a wani makeken sito da ke McLeansville, da safe aiki, da yamma karatu, har aka ba ta lasisin wucin gadi na shekara uku, aka danƙa mata 'yan aji takwas a wannan makaranta da ke kan hanyar Summerfield. Bana ce shekara ta uku. In shugabar makaranta, Misis Celina, ta rubuta mata shaida mai kyau, ta zama cikakkiyar malama. In ba ta rubuta ba, sito yana nan inda ta bar shi, kuma shi ba ya ƙin kowa.

Rigimar kuwa daga tutar jiha ta taso, wadda ke rataye a kowane aji kusa da allo. Kwanan wata biyu ne a jikinta. Na ƙasa, sha biyu ga Afrilu 1776, ranar da wakilan yankin suka taru a garin Halifax suka ba wa jakadunsu izinin neman rabuwa da Sarkin Ingila. Na sama, ashirin ga Mayu 1775, ranar da ake cewa mutanen gundumar Mecklenburg sun riga kowa a Amurka shelar 'yancin kai. Mutanen jihar suna ji da wannan rana ta ashirin ga Mayu ba kaɗan ba. Salwa ta zo kan darasin yadda North Carolina ta tashi daga mulkin mallaka ta zama jiha, sai ta ajiye littafin aji, ta buga wa yaran hotunan ainihin takardun zamanin, ta ce su zo a bi sawunsu.

Bin sawun nan ba a jami'a ta koye shi ba, a gida ta gaje shi. Mahaifinta, Malam Bello, hadisi yake karantarwa a zaurensa a Tudun Wada, kuma bai taɓa iya barin aikin a zaure ba, har cikin gida yake shiga da shi. Gidansu gida ne da ba a jin daɗin gulma. Za ka kwaso labari da zafinsa, ka ce, "Baba, an ce malamin lissafi zai bar makarantarmu," sai ya ɗago ya ce, "Wa ya faɗa miki? Shi yana wurin? In ba ya wurin, wa ya faɗa masa? Sun taɓa haɗuwa?" Kafin ka gama amsawa labarin ya huce, kai ma ka huce. Tana yarinya ta tsani tambayoyin nan kamar me. Da ta zama malama sai ta wayi gari ba ta da wani kayan aiki da ya fi su.

A ajinta sai ta mayar da su kujeru. Duk mutumin da labari ya bi ta hannunsa, ana ajiye masa kujera a gaban allo, ɗalibi ya zauna a kai riƙe da kati mai sunansa. Inda aka rasa wanda ya miƙa labarin, ko takardar da ta ɗauke shi, sai a bar kujerar babu kowa. Da aka jera na Halifax, kujeru suka cika. Da aka jera na ashirin ga Mayu, kujera ta biyu ta zauna fayau, domin ainihin takardar shelar an ce ta ƙone a gobara a 1800, kuma ba a buga maganar a jarida ba sai 1819.

Wata ɗaliba mai suna Ruby, yarinya shiru-shiru mai zama layin tsakiya, ta je gida ta ba kakanta labari a kan teburin abinci. Abin da ta faɗa daidai, Allah ne masani. Abin da ya iso makaranta dai shi ne wata baƙuwa tana koya wa 'ya'yan mutane cewa tutarsu ƙarya ce. Kakan, Mista Gregory, tsohon safiyo ne, mai awon filaye, da ya yi ritaya yana kiwon dawaki uku a Summerfield. Ya zo da kansa, Misis Celina ta haɗa shi da Salwa a ofis. A nan ne Salwa ta tafka kuskuren da har yau in ta tuna sai ta ciji yatsa. Ta ga dattijo mai furfura, sa'an mahaifinta, sai tarbiyya ta yi aikinta. Ta ɗan rusuna ta gaishe shi, ta zauna, ta sunkuyar da kai, ya yi ta faɗa ba ta katse shi ba, ba ta kuma ɗaga ido ta dube shi ba ko sau ɗaya. Ita a ganinta ta gama yi masa ladabi. Washegari ya rubuta wasiƙa zuwa ofishin ilimi na gunduma, kuma layin da ya fi kowane nauyi a ciki shi ne: ko idona ta kasa kallo.

Misis Celina ba muguwa ba ce, amma mace ce da ba ta son wayarta ta yi ƙara daga ofishin gunduma. Ta yanke cewa ranar da za ta shiga ajin Salwa ta duba aikinta na ƙarshe, Mista Gregory ma ya zo ya zauna ya gani. Ranar ce yau, darasi na biyu.

Salwa ta rungumi tarin takardu biyu ta nufi aji. Ta cikin tagogin baranda tana hango motocin malamai duk sun yi ruwan ɗorawa da garin furen itatuwa, kamar yadda suke yi duk farkon Afrilu, rabin makarantar na atishawa. Darasin farko ta koyar da shi ba ta san me ta faɗa ba. Da aka kaɗa ƙararrawa ta fita ta sha ruwa, ta yi addu'ar da ta zo bakinta, ta dawo da niyyar bin shawarar Anti Ƙauna. Tana tura ƙofa ta tarar 'yan darasi na biyu sun riga ta. Sun ja kujeru huɗu sun jera a gaban allo, uku da mutane a kai riƙe da katunansu, ta biyu babu kowa. Desmond, dogon yaro mai bakin da ba ya rufuwa, shi ne ya shirya su, yana tsaye yana jiran yabo.

"Mun ce kada ki ɓata lokaci, Miz Bello," in ji shi. "Ai nan muka tsaya."

Kalma ɗaya ce za ta faɗa su mayar da kujerun. Ta dubi fuskokinsu ashirin da shida. Wata uku ta yi tana gaya musu takarda ba ta canza magana don wani ya ɓata rai. In ta kunna majigi yanzu, to ta koya musu akasin haka, kuma wannan darasin ba za su manta da shi ba. Tsoro take ji, tsoro sosai. Ta buɗe aljihun tebur ta tura tarin takardun zaman lafiya, ta rufe.

Misis Celina ta shigo da kwamfutarta a hammata, ta zauna a kujera ɗaya tilo da ta rage a baya. Mista Gregory ya biyo ta, dogo, wuyansa ja saboda rana, hularsa a hannu, fuska a ɗaure. Ya duba baya babu wuri. Ya duba gaba ya ga kujera babu kowa tsakanin yara biyu, sai ya tako ya zauna a kai. Dariya ta fara tsiyaya daga layin baya. Tunda uwar Salwa ta haife ta ba ta taɓa ce wa dattijo ya tashi daga kujera ba, kuma ba yau za ta fara ba.

"Yallaɓai," in ji Desmond, "a kan gobara ka zauna."

"A kan me?"

Salwa ta yi wa Desmond alama da kai ya ci gaba. Yaron ya gyara tsayuwa. Ya nuna kujera ta farko, ya ce waɗannan su ne mutanen da aka ce sun taru a Charlotte, babban garin Mecklenburg, ran ashirin ga Mayu 1775. Ya tsallake ta biyu. Ya nuna ta uku, ya ce wannan shi ne mutumin da takardun taron ke hannunsa, gidansa ya ƙone a 1800, ya zauna ya sake rubuta abin da ya iya tunawa bayan shekara ashirin da biyar. Ta huɗu ɗansa ne, wanda ya aika wa wata jarida a Raleigh, babban birnin jihar, a 1819. "Ta biyun kuma," ya ce, "ainihin takardar ce. Babu wanda ya gan ta tun gobarar. Shi ya sa ba ma zama a kai."

Mista Gregory bai motsa ba. Ya ɗora hularsa a kan gwiwa.

"To yau ga mutum a kai," ya ce. "Ni ba na buƙatar takarda. Kakan kakan kakata yana tsaye a wurin. Kakata ce ta gaya mini da bakinta, kuma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

A baya, yatsun Misis Celina suka tsaya a kan kwamfuta. Ruby ta sunkuyar da kai kamar ta shige cikin tebur. Salwa ta san nan ne wurin. Ta tako har gabansa, ta tattaro duk ƙarfin halin da take da shi, ta ɗaga ido ta zuba cikin nasa. Idanunsa shuɗaye ne, gefensu ya yi ja saboda garin fure. Ji ta yi kamar ta zagi mahaifinta a gaban baƙi, amma ba ta kau da kai ba.

"Yallaɓai, abin da ka zo da shi shaida ce, kuma a ajin nan ba ma raina shaida," ta ce. "In ka yarda, za mu auna ta yadda muka auna sauran. Ba sani ba sabo."

Ya ɗan yi turus, don ba haka ya zata ba. Sannan ya ce, "Ku auna."

Ta sa aka ja wasu kujeru huɗu aka jera a ɗaya gefen allon. Yaran kuwa kamar jira suke. Hannuwa suka tashi. Wa ya faɗa maka? Kakata, Lottie. Tana wurin? A'a, kakanta Amos ne ya faɗa mata. Shi yana wurin? A'a, shi ma kakansa ne ya faɗa masa, Samuel, shi ne ya gani da idonsa. Wata yarinya ta tambayi shekarun haihuwarsu da na rasuwarsu, tana zaton nan zai kakare. Ba ta san da wa take yi ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana karanta tsofaffin takardun filaye, ya kuma haddace shafin farko na Baibul ɗin gidansu, ba a kama shi da lamba. Ya zubo su ba gargada: Samuel 1760 zuwa 1846, Amos 1830 zuwa 1906, Lottie 1890 zuwa 1975, shi kuma an haife shi 1950.

Desmond ya rubuta a allo, aji ya duƙufa lissafi. Tambayar ita ce ko sun haɗu, kuma ko mai karɓa ya yi wayon riƙe magana lokacin da ya ji ta. Samuel yana da shekara goma sha biyar a 1775. Amos yana da sha shida lokacin da Samuel ya rasu. Lottie ma sha shida lokacin da Amos ya rasu. Mista Gregory yana da ashirin da biyar lokacin da Lottie ta rasu. Yara uku suka karɓi katuna suka zauna. Kujera ta huɗu ta rage, ta mai ba da labarin.

"Wannan taka ce, Yallaɓai," in ji Salwa, "in ka ga dama."

Bai tashi ba tukuna, amma ya juya ya dubi jerin. Salwa ma shi take kallo, kuma tsoron da ke cikinta ya ɗan ja gefe, murna ta shigo, irin murnar mai sana'a da ya ga aiki mai kyau. Shekara ɗari biyu da hamsin a bakin mutum huɗu, kowa da sunansa, kowa ya ga na gabansa.

"Ku duba da kyau," ta ce wa ajin. "Shekara uku ina jera kujeru a ɗakin nan, ban taɓa samun labarin baka da ya cika haka ba. Babu gurbi ko ɗaya."

Fuskar dattijon ta saki a karo na farko. Ya waiga ya dubi Misis Celina, kallon da ke cewa kin dai ji. Ta gilashin ƙofa Salwa ta hango Anti Ƙauna ta leƙo, riƙe da ledar ƙanƙara da wani yaro ke jira tun ɗazu, ta ɗora hannu ɗaya a ka. Ita a ganinta Salwa ta miƙa wa mutumin wuƙa da nama.

"Saura mataki ɗaya," in ji Salwa. "Mun san waɗanda suka ɗauko maganar. Yanzu sai maganar kanta. Yallaɓai, ka faɗa mana yadda kakarka ta faɗa maka. Kada ka gyara, kada ka ƙara."

Ya yi gyaran murya. Da ya fara, muryarsa ta sauka, ta koma ta mutumin da ke zaune a baranda da yamma. Ya ce Samuel ya bi ubansa Charlotte sayar da fatu. Suka tarar da mutane cike a gaban kotu, wani gini na katako da aka ɗora a kan ginshiƙai. Wani mutum ya hau matakala ya karanta takarda da ƙarfi, ya ce daga yau duk wani mai muƙami da Sarki ya naɗa ba shi da sauran iko a gundumar nan, mutane za su zaɓi nasu. Maza suka yi ta jifa da huluna sama. Hular uban Samuel ta maƙale a kan rufin kotun, suka koma gida kansa a buɗe, matarsa ta yi masa faɗa har dare.

Yara suka tuntsire da dariya, shi ma ya yi. Salwa ta tsaya da tambayar a bakinta. Ta san ita ce ta rage, kuma ta san in daga bakinta ta fito, dattijon zai ɗauka tarko ta ɗana masa. Ba ta kai ga yanke shawara ba sai ta ga hannu ya tashi a layin tsakiya, a hankali, kamar mai shi tana fatan kada a gani.

"Ruby," in ji Salwa.

Yarinyar ba ta dubi malamar ba, kakanta ta duba.

"Kaka, kakar taka ta ce ran ashirin ga wata ne?"

Mista Gregory ya buɗe baki da saurin mai amsa abin da ya sani tun yana yaro, sai ya tsaya. Ya ɗaga kai ya dubi silin. Leɓunansa suna motsi, yana sake bin labarin daga farko, daga fatu har zuwa hula. Salwa ta riƙe gefen tebur. In ya ce e, babu wanda zai iya ƙaryata shi, matar ta shekara hamsin a ƙasa.

"A'a," ya ce. "Ba ta faɗi rana ba. Cewa ta yi watan Mayu, masara ta kai ƙauri."

"To ina ka samo ashirin ɗin?"

Ya juya a hankali ya dubi tutar da ke rataye kusa da allo, ya daɗe yana kallonta.

"Can na gan ta," ya ce.

Desmond ya riga ya fara birkita takardun da ke kan teburinsa. Ya zaro ɗaya, hoton wata jarida da aka buga a watan Yuni 1775, makonni kaɗan bayan abin ya faru, wadda suka karanta makon jiya. Tana ɗauke da ƙudurorin da mutanen Mecklenburg ɗin suka zartar a Charlotte. Ya karanta na farko da ƙarfi, yana tuntuɓe a kan tsohon Turanci: duk wani muƙami da Sarki ya bayar, na soja da na farar hula, ya zama banza. "Abin da Samuel ya ji ke nan," ya ce. "Amma nan talatin da ɗaya ga Mayu aka rubuta."

"Miƙo nan," in ji dattijon.

Ya ciro tabarau daga aljihun riga, ya ɗora takardar a kan hularsa, ya bi ta da yatsa layi-layi. Da ya kai ƙarshe ya koma sama ya sake duba kwanan watan.

"Shekara arba'in ina safiyo," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Ban taɓa kafa turke inda ban ja tef ba. Wannan kam ban ja ba." Ya cire tabarau ya dubi Salwa. "Amma takardar nan ba ta nuna cewa ba a yi na ran ashirin ba."

"Ba ta nuna ba, Yallaɓai. Ni ma ban taɓa cewa ba a yi ba. Shi ya sa ba mu fitar da kujerar waje ba. Tana nan muna jiran mai ita, in ya zo mu yi masa maraba."

Mista Gregory ya dubi kujerar da yake kai kamar yanzu ya fara ganinta. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya gyara mata zama daidai da 'yan uwanta, ya taka zuwa ɗaya jerin ya zauna a tasa, kusa da yarinyar da ke riƙe da katin Lottie. Wani ya fara tafi a baya, sai ajin duka ya ɗauka. Salwa ta ɗaga hannu ta tsayar da su, don ba a tafi a ajinta, amma ba ta yi saurin ɗagawa ba.

Sauran minti goma sha biyun ta ba su aiki. Kowa ya rubuta, daga takardun da ke gabansa da shaidar da ya ji yau, me za a iya cewa da tabbaci game da watan Mayu 1775, me kuma ba za a iya ba. Mista Gregory ya ari fensir wurin jikarsa ya yi nasa a bayan takardar jaridar. Da aka kaɗa ƙararrawa yara suka fita suna gardama a kan masara, wai kwana nawa take yi kafin ta kai ƙauri, kuma wa za a tambaya.

Ajin ya rage su uku. Misis Celina ta taso ta ajiye kwamfutarta a kan teburin Salwa. Dattijon ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hula.

"Zan sake rubuta wa ofishin gunduma," ya ce wa shugabar. "Wasiƙar farko da jin labari na rubuta ta. Wannan ina wurin." Ya juyo ga Salwa. "Ranar nan a ofis, me ya hana ki kallona?"

"A garinmu ba a kallon babba cikin ido, Yallaɓai. Raini ne."

Ya auna maganar. "Da kin faɗa mini."

"Ba a katse babba kuma."

Ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci, ya sa hularsa, ya taɓa bakinta da yatsa biyu, ya fita.

Misis Celina ta zaro takarda daga cikin fayil, fom ɗin shaidar da Salwa ta shekara uku tana mafarkinsa. Ta cike gurbin ƙarshe a tsaye, ta sa hannu, ta juyo da shi.

"Karanta kafin ki sa naki," ta ce. "Sannan a watan Agusta ina so ki nuna wa sauran malaman tarihi abin kujerun nan. Ki zo da shirinki, wasunsu sun fi tsohon nan taurin kai."

Salwa ta karanta har ƙasa, ta sake karantawa, don layukan sun fara rawa a idonta. Daɗi ne ya cika ta, irin wanda ba ta ji ba tun da ta sauka a ƙasar nan. Ta karɓi biro ta sa hannu. Da ta zo gurbin kwanan wata sai ta tsaya cak, kanta fayau, ta nemi ranar ta rasa.

"Yau nawa ga wata?" ta tambaya.

"Uku ga Afrilu," in ji Misis Celina.

Salwa ta ɗaga kai ta duba kalandar bango tukuna, sannan ta rubuta.